Ƙafar Inna ta Ƙarƙashin Labule

Mijina malamin asibiti ne, aikinsa kuma wankin ciwo. Tun da na san shi abin da yake yi ke nan: ƙuna, gyambo, marurun da ya ƙi fashewa, ɗinkin da ya kama ruwa, yaran da ƙuraje suka cinye wa kai. Tsofaffin garin nan da yawa sun miƙa masa ƙafa ya wanke, wasu har gida suke biyo shi da ƙwan zabi. Amma da ƙafar mahaifiyata ta fara ruɓewa, a duk faɗin Katsina shi kaɗai ne ba zai yiwu ya gan ta ba, don kuwa surukinta ne.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Bafulatana ce ta wani ƙauye can bayan Batagarawa, aure ya kawo ta birni, ta zauna a Ƙofar Marusa har furfura ta rufe mata kai, amma kunyar da ta zo da ita ba ta ragu ko kaɗan ba. Ba ta kiran sunana. Ni "ke" ce, in kuma da baƙi, "waccan". Bayan rasuwar mahaifinmu ƙannena suka watse, wannan aure ya kai ta Kaduna, wancan aiki ya riƙe shi a Abuja, dole ta sa ta saki jiki da ni, har mukan yi hira, mukan yi faɗa. Mijina dai bai samu wannan rangwamen ba. Mijin 'yar fari ne, kuma a wurin Inna wannan ba abin wasa ba ne.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya je gaishe ta. Tun daga zaure zai cire takalmi, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya kuma tsaya ya yi gyaran murya, don ya ba ta lokacin gudu. Ita kuwa ko tsakiyar tankaɗe take sai ta watsar da rariya ta faɗa ɗaki ta saki labule. Zai zo gefen ƙofa ya durƙusa, fuskarsa na kallon bango, ya fara jero gaisuwa: an wuni lafiya, ya gida, ya ƙoƙari, ya jin labarin na Kaduna, ya na Abuja. Tana amsawa daga ciki da wata siririyar murya da ban san inda take ajiye ta sauran kwanaki ba, don ni ba da ita take yi mini tsawa ba. In ya tashi tafiya ta sa a bi shi da kwanon fura, wadda ba zai iya sha a gidan ba sai ya kai ta gida. Na sha tsokanarsa cewa in Inna ta ɓace a Babbar Kasuwa ba shi da amfani a wurin cigiya, domin bai san fuskarta ba. Sai ya ce ai ya san muryarta, ni kuma in ce ko muryar ta aro ce.

Kada a ɗauka ba sa ƙaunar juna. Duk man shanun da danginta suka kawo daga ƙauye, mai kyan nasa ne. Da aka gano tana da ciwon suga shi ya ɗauki nauyin maganinta, amma ni yake ba wa in kai, ya kuma tsare ni da tambaya ko tana sha. Sau ɗaya na taɓa yin yaji. Ko jakata ban sauke ba ta ce in juya, wai yaron nan ba ya laifi, halina ne ta sani tun ina goye. Na koma ina ƙunƙuni, na tarar da shi yana dariya.

Abin ya faro ne a wata damina mai ruwa da yawa. Gidanmu na Ƙofar Marusa tsohon gida ne, lungun ya fi tsakar gidan tudu, in an yi ruwa sai ya kwanta ya kwana biyu bai tsotse ba. Inna kuwa ba ta sa takalmi a cikin gida, ta ce gidanta ne ba titi ba. Kowace damina sai ta yi cin ruwa, wato fatar tsakanin yatsun ƙafa ta yi fari ta jiƙe ta tsattsage tana ƙaiƙayi. Kowace damina kuma maganinta ɗaya ne: ta kwaɓa lalle ta ƙunsa, ya bushe abinsa. Mu ma da shi ta raine mu, kuma gaskiya yana yi. Sai dai a shekarun baya ba ta da suga. A wannan karon tsagar da ke gindin ƙaramin yatsanta na hagu ta ƙi rufewa. Tana sosawa da tsinken tsintsiya, kuma da yake sugan ya fara kashe mata jin ƙafa, ba ta san ta zurfafa ba.

Ni abin da na fara gani ɗingishi ne. Na tambaya ta ce cin ruwa ne, sai ka ce yau na fara ganinsa. Da na faɗa wa mijina ya sayo wani man shafawa, ya ce in gaya mata ta riƙa goge tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta bayan kowace alwala, ta sa takalmi, ta kuma daina ƙunshi har ya warke. Na kai saƙo. Ta karɓi man da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta buɗe kwallarta ta ajiye shi tare da turamen zannuwanta na fita unguwa. Abin da suruki ya kawo ba a ɓarnatar da shi a kan ƙafa. Lallen kuma ta ƙara, har idon sawu, ƙunshi kan ƙunshi, sai da ƙafar ta yi jawur ta koma baƙi-baƙi.

Daga nan na zama ɗan aike. Da dare ya tambaye ni ko wurin ya yi ja, in ce ai duk ƙafar ja ce, lalle ne. Ya ce da zafi in an taɓa? In ce ba ta bari in taɓa, cewa take auren malamin asibiti bai mai da ni likita ba. Ranar Juma'a shi da kansa ya durƙusa a wurin da ya saba, bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji an ce ƙafa tana damunta, ya jikin? Siririyar muryar nan ta ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi. A mota na balbale shi da faɗa. Na ce shi da yake wuni da marasa lafiya bai san mutanenmu ba? Mutumin garin nan ko a makara aka tambaye shi ya jiki, da sauƙi zai ce. Ya ce ya sani sarai, a asibiti ba ya ma sauraron amsar, bandeji yake kwancewa ya duba. Amma Inna ce. In ta ce da sauƙi, da wane baki zai sake tambaya?

Maƙwabta kuma ba su bar ta ba, kowa da nasa. Wata ta kawo garin bagaruwa a barbaɗa. Wata ta ce a sayo kafso a kemis, a fasa a zuba garin a cikin ciwon, haka aka yi wa mijinta. Duk Inna ta yi. Ni dai abin da ya fara tayar mini da hankali turaren wuta ne. Inna ba mai yawan turare ba ce, sai ga ɗakinta kullum ya turnuƙe kamar na amarya. Wata rana ina zaune turaren ya ci ya mutu, na ji abin da yake rufewa. Warin da nake ji a kayan aikin mijina ne in ya dawo da su wanki.

Na yi maganar asibiti, ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Akwai wani dattijo a lungunmu da ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, shi ne hujjarta. Na ce ai don ya makara ne, ta ce to ita ba za ta makara ba tunda ba za ta je ba. Ban da haka, ta ce a can yaron nan yake aiki, so nake a kwantar da ita a buɗe mata ƙafa yana wucewa? Na yi lallashi, na yi fushi, na kira ƙannena a waya suka yi nasu, ta saurare mu duka ta yi kunnen uwar shegu da mu. Mijina ya roƙi wata abokiyar aikinsa, mace mai hankali, ta je ta duba ta a gida. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta dama mata fura, ta tambaye ta iyayenta da garinsu, ta naɗe ƙafafunta cikin zane ta zauna a kansu. Baƙuwa daga wajen suruki ai ita ma suruka ce. Matar ta fito da ƙullin kuka da daddawa, ba ta ga ko farce ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, na je bayan azahar na tarar da ita kwance, abin da ba ta yi da rana. Jikinta zafi zau, tana barci tana ɗan nishi. Na ɗaga zanen a hankali. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, tsumman da ta ɗaure ya manne da mugunya, ƙaramin yatsan ya yi baƙin da ba na lalle ba. A sama da inda ƙunshin ya tsaya, inda fatarta take fara, ja ya hau ƙwauri ya kusa rabi. Ashe ya daɗe yana tafiya a ƙarƙashin lallen, sai da ya wuce shi muka gan shi. Na ciro waya na ɗauki hoto, na mayar da zanen, na fita na tari Keke Napep.

Na tarar da mijina ya dawo daga aikin safe yana cin abinci. Na miƙa masa wayar na ce ga ƙafar Inna. Wallahi sai mutumin nan ya kawar da kai. Mutumin da yake wanke gyambo ya fito ya ci tuwo, ya sunkuyar da ido a kan hoto. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Na ce ku biyun nan kun ishe ni, ita tana kunya kai kana kunya, to ku ci gaba, in an yanke ƙafar sai ka je ka durƙusa ka gaishe da guntun. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba.

Ya karɓi wayar, ya duba, ya buɗa hoton da yatsu ya sake dubawa. Na ga fuskarsa ta sauya, ta koma wadda ban cika gani ba, ta wurin aiki. Ya tambaya ko da zazzaɓi, ko ta yi maganar kaluluwa a matsematsinta. Na ce zazzaɓi kam akwai, kuma jiya na ga tana dafe wurin in za ta tashi. Ya ture kwanon, ya wanke hannu, ya ɗauki jakar aikinsa da hularsa.

Muna isa hadari ya gama haɗuwa. Ya cire takalmi a zaure kamar kullum, ya yi sallama. Ta farka, na ji ta ja jiki ta saki labule. Ya durƙusa a gefen ƙofa, ya yi gaisuwarsa cikakkiya bai rage komai ba, har na Kaduna da na Abuja. Sannan ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce. "Na ga hoton ƙafar. Babu sauƙi."

Can na ji muryarta ta gaske, wadda na sani, tana tambayata mi na aikata. Shi kuma ya ci gaba, kansa a ƙasa, ya ce bai zo don ya raina ta ba, amma ba zai bar ƙofar nan ba sai ya ga ƙafar da idonsa. Ya gyara ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗora jakarsa a cinya.

Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin Inna ba shi da rumfa, indararo ma kusa da inda yake zaune yake zuba. Kafin a jima farar rigarsa ta manne a jikinsa, hularsa ta lanƙwashe, ruwan tsakar gida ya fara taruwa a ƙarƙashinsa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, rabina ciki rabina waje. Inna ta ce in ce masa ya koma zaure. Na faɗa, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya ce in ce wa Inna nan ma ya yi masa. Ta ce in ce masa sanyi zai kama shi. Ya ce in ce mata ba komai. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, amma kowace kalma sai ta bi ta kaina. Ta zage ni, ta ce ni na jawo, ta ce in ɗauki mijina mu bar mata gida. Na ce ai ba jaka ba ne da zan ɗauka.

Maƙwabciyarmu ce ta ƙarasa aikin ba da saninta ba. Ta fito kwashe shanya, ta leƙo ta kan katanga, ta ɗaga murya tana tambayar Inna ko lafiya surukinta yake zaune a cikin ruwa. Na ji Inna ta yi salati a hankali. A ce a unguwa ta bar mijin 'yarta a ƙofar ɗakinta ruwa yana dukansa, wannan ya fi ƙarfin abin da take gudu. Na ji motsin tabarma ana ja. Sai gefen labulen ya ɗaga kaɗan, ƙafar ta fito, ita kaɗai, daga gwiwa zuwa ƙasa, ta tsaya a kan dokin ƙofa. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wanda zan fara.

Na ɗauko lema na riƙe a kansu, shi da ƙafar. Ya sa safar hannu, ya jiƙa tsumman ya ɓare shi a hankali. Idonsa bai wuce gwiwa ba. Ya danna nan ya danna can, mugunya ta fito ta tsakanin yatsun, wari ya tashi, ko fuska bai yamutsa ba. Ya taɓa ƙaramin yatsan da bakin almakashi ya ce in tambaye ta ko ta ji, ta ce ba ta ji ba. Ya ciro biro ya zagaye iyakar jan da ke ƙwaurin, ya ce da wannan layin za a gane ko ciwon yana gaba ko yana baya. Ya wanke abin da zai wanku, ya naɗe da bandeji. Sannan ya ce mini wannan ya wuce aikin gida, ƙwayoyin cuta sun shiga nama, kuma suna neman shiga jini.

"Ke," in ji Inna daga ciki, "tambaye shi, yankewa za a yi?"

Na buɗe baki maganar ta ƙi fita. Ta jira ni, ta ji shiru.

"Da kai nike, ɗan nan," ta ce. "Hwaɗa mani gaskiya."

Tun da aka ɗaura mana aure wannan ce magana ta farko da ta yi masa wadda ba amsar gaisuwa ba.

"Ƙaramin yatsan ya mutu, Inna, sai an cire shi. Ƙafar kuma in muka tafi yanzu ina sa ran za ta tsira. In muka ƙara kwana, ban sani ba."

Ruwa yana ta dukan lemar. Sannan ta janye ƙafar.

"To juya baya in hito."

Ya tashi ya fuskanci katanga kamar ɗalibin da aka hukunta. Na sa mata hijabi, ta ja shi har hanci, na tallabe ta muka ratsa ruwan zuwa mota. Kafin ya tayar sai da ya karkatar da madubin gaba don kada idonsa ya faɗa baya.

A asibiti aka kwantar da ita a ɗakin mata. Sugan ya hau sosai. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara allurai ta jijiya, washegari aka shiga da ita aka cire yatsan, aka kankare mataccen nama har gefen ƙafar ya zama rami. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce in jan nan ya ƙetare layin biron, to maganar ƙasan gwiwa za a yi. Kwanakin da suka biyo baya ba ni da aiki sai kallon layin nan. Ina ɗaga zane da safe gabana na faɗuwa, in ɗaga da rana, in ɗaga da yamma, har Inna ta ce in na ƙara sai ta mare ni. Da farko jan ya tsaya cak a kan layin, bai wuce ba bai koma ba. Sai wata safiya na ga farar fata tsakaninsa da biron, siririya kamar zare. Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Mijina kuwa duk zaman da ta yi bai taka ɗakin ba. In aiki ya biyo da shi ta nan sai ya zagaya ta bayan ginin. Abokan aikinsa suka samu abin tsokana, suna ce masa surukarsa tana kira. Amma duk allurar da aka yi mata ya san lokacinta, kuma kullum yana bakin taga yana tambayar masu duty, wato masu aikin ranar, yadda ciwon ya kwana.

Da aka sallame ta aka ce sai an riƙa wanke ramin kullum har ya cike. Ban ma tambayi wa zai yi ba. Kowace safiya kafin ya wuce aiki sai ya biya Ƙofar Marusa, ya yi sallama, ya durƙusa, a gaisa, sannan ƙafar ta fito ta ƙarƙashin labule. Da farko a ƙasa yake zama. Bayan 'yan kwanaki ya tarar da tabarma, daga baya kujera 'yar tsugunne, daga baya kuma kwanon koko da ƙosai a rufe, wanda yake ɗauka ya ci a mota. Ya hana lalle, ya hana tafiya ba takalmi, ya sayo mata mai taushi mai rufi, ya kawo magina suka cike tsakar gidan suka yi masa siminti. Duk ta bi, ita da ba ta taɓa bin maganata ba ko sau ɗaya, abin har haushi yake ba ni. Hira ma suka koya, amma a kan ƙafar kawai, kamar wata jinjira da suke reno tare. Ya ce ya ta kwana, ta ce ta ɗan yi zugi wajen asuba, ko ta ce jiya ta yi ruwa. In ya kuskura ya tambayi wani abu daban sai siririyar muryar ta dawo.

Ciwon mai suga ba ya gaggawa. Damina ta wuce, aka yi girbi, ramin yana nan. Akwai lokacin da ya sake yin wari, gefensa ya yi fari, mijina ya dawo gida bai iya cin abinci ba, aka koma allurai. Sannan a hankali jan nama mai kyau ya fara tasowa daga ƙasa, bakin ciwon yana matsowa, bandejin yana ƙanƙancewa. Ranar da ya kwance ya ga fata ta haɗe, ya shafa wurin da babban yatsansa ya ce, "Inna, ta warke." Ta janye ƙafarta, ta fara sa masa albarka, shi da iyayensa da kakanninsa da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba, yana durƙushe yana amin har ya makara aiki. Ni da na yi jinyar asibiti ko a ƙarshen addu'ar ban fito ba.

Bayan wannan da 'yan makonni, wata ranar Asabar da hantsi, ina wanki a gidana can wajen Ƙofar Ƙaura na ji sallama. Na san muryar amma ban yarda ba sai da na leƙa. Inna ce tsaye a ƙofar gida, cikin hijabinta na unguwa da takalmin nan mai rufi, gumi yana bin fuskarta. Tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa taka shi ba, ko da suna ko da rashin lafiya, uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari. Na duba bayanta ban ga abin hawa ba.

Abin da ta fara tambaya shi ne ko yana nan. Na ce yana wurin aiki sai la'asar. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo yanzu. Ta ƙi zama a kujerun falo, wai ba ta san wadda yake zama a kai ba, sai tabarma na shimfiɗa mata a tsakar gida. Ta sha ruwa, jikokinta suka haye ta, ta duba tukwanena ta ce ba na sa hannu wajen wanki. Ko awa ba ta cika ba ta miƙe. Na ce bari in tsayar mata da Keke, ta ce a'a. Na yi faɗa, na ce rana ta yi, ta ce abin da ya kawo ta shi zai mai da ta. Na raka ta har bakin titi. Nan ta tsaya tana gyara hijabi, ba ta dube ni ba.

"In ya dawo, ki hwaɗa mashi da ƙahwata na zo."

Na tsaya ina kallonta tana tafiya a gefen titi, tana ɗan karkata hagu, ba sanda, har ta sha kwana.

Da ya dawo na bari ya zauna sannan na ba shi saƙon yadda ta faɗe shi. Ya ce daga Ƙofar Marusa? Na ce daga can. Ya ce a ƙasa? Na ce a ƙasa, kuma a ƙasa ta koma. Sai ya hau ni da faɗa, wai ya zan bar mai suga ta yi wannan tafiya a sabuwar fata, in takalmin ya goge ta fa, in wani abu ya soke ta ba ta ji ba fa. Yana faɗan muryarsa tana karyewa, ya cire hula ya goge ido da ita, ya ce zafin garin nan ya yi yawa. Na daɗe ina son mutumin nan, amma ban taɓa son sa kamar wannan yammacin ba.

Ya miƙe ya ɗauko jakar aikinsa, ya ce in sa mayafi mu je ya duba ƙafar kafin magariba.